Inda Almakashin Ya Falmata Ya Tsaya

Shekara tara ke nan da rasuwar Ya Falmata, maƙwabciyata a unguwar Kagarawal, kuma har yau almakashinta na cikin kwanon da nake ajiye zare da allura. Na so in bar wannan shekarar ta wuce ban ce komai ba, domin na gaji da tuna waɗancan kwanakin. Abin da ya faru a ɗakina makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Daga Borno ta zo, gudun rikici, da 'ya'ya biyu da ƙunshin kayan kitso. Mijinta kuwa ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Ta kama ɗaki a jikin gidanmu, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suka fara zuwa. Lokacin kasuwa ma da fargaba muke shigarta, ko'ina shinge ne da bincike.

A shekarar ne bam ya tashi a tasha, ina riƙe da hannun 'yata Ma'u, tana 'yar shekara bakwai. Allah ya yi da sauran kwananmu, amma wani ƙarfe ya tsaga mata goshi daga tushen gashi har kusa da gira. Ciwon ya warke, tabon ya zauna. Yarinyar da surutunta ke hana mu jin rediyo ta koma ba ta ɗaga kai. Ɗankwali har gira take jawo shi, da shi take barci, madubi kuwa ko kallonsa ba ta yi. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ya Falmata ce ta lallaɓe ta da alewa har ta zauna. Ta ware gashin gaba da tsinken kitso, ta miƙar da shi da matajin ƙarfe mai zafi, ta kitse sauran ya koma baya. Ba ta taɓa yanka gashin goshi a jiƙe, ta ce yana bushewa zai tattare ya haye sama ya tona abin da ake rufewa. Ba ta jan sa da ƙarfi. Tsakanin yatsu biyu take riƙe shi sakwa-sakwa, bakin almakashi na kallon sama, tana tsinkar bakin gashin kaɗan-kaɗan, gefe ya ɗan fi tsakiya tsawo. Da ta gama, gashin ya sauka har gira. Ranar Ma'u ta kwana ba ɗankwali.

Duk wata sai an gyara. Can na lura wutsiyar tabon ta fara leƙowa, na ja ta gefe na ce, “Ya Falmata, kamar na wannan watan ya fi gajarta?”

Ta harare ni. “Maman Ma'u, ki rufe bakinki. Kaɗan nake ragewa. Don idonta ya saba da shi a hankali, wata rana ta ga goshinta duka ba ta firgita ba. So kike ta tsufa a bayan labule?”

Aikin ya kai rabin tabon sai hawan jini ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Na kai Ma'u wani shago a unguwar Madaki, suka jiƙa gashin suka datse shi a miƙe, yana bushewa ya haye. Ɗankwali ya dawo gira har gashin ya sake tofowa. Daga nan na karɓi almakashin da kaina, nake yankawa daidai inda marigayiya ta tsaya, shekara da shekaru. Ni dai ba ni da ƙarfin sake ganin yarinyar nan ta sunkuyar da kai.

Nakan tambayi kaina me Ya Falmata za ta ce da ta ga yau. 'Yan mata na miƙa waya su ce irin wannan suke so, ana sayar da gashin kanti da goshinsa a yanke. Na san sai ta yi musu tsiya, ta ce an yanka wa kan da ba a gani ba. Shingaye sun ragu, amma 'yan gudun hijira irinta da yawa na nan a unguwar Hammadu Kafi, suna ta cewa baɗi za su koma gida. Ni ma ba za ta ƙyale ni ba, sai ta kira ni matsoraciya.

Makon jiya Ma'u, wadda yanzu ta fi ni tsawo, ta ɗauko almakashin ta zauna a gabana da madubi a cinya.

“Mama, ai na san tana ragewa. Tun lokacin na sani, na yi shiru ne don kada ta daina. Ki ci gaba daga inda ta tsaya.”

Ya Falmata ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, 'ya'yanta ma dangi sun kwashe su. Abin da ta bari shi ne wannan aikin da ba ta ƙarasa ba, da yarinyar da ta yarda a ƙarasa shi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na riƙe gashin a bushe tsakanin yatsu biyu, na rage ɗan kaɗan. Ma'u ta daɗe tana kallon madubin, sannan ta ce, “Ƙara kaɗan, Mama.”