Ɗan Wasan da Ya Ƙi Tofar da Loma

Teunis Ouwerkerk, wanda abokan sana'arsa suka fi sani da Teun, ɗa ne ga Leendert Ouwerkerk, matuƙin jirgin ruwan dakon kwal a garin Schiedam. Shi kuwa Leendert ɗa ne ga Arie Ouwerkerk, mai haɗa gangunan katako. Mahaifiyar Teun ita ce Neeltje, 'yar gidan Verboom, masu wanki da guga. An haifi Teun a shekarar 1937. Yana ɗan shekara bakwai, ana cikin yaƙin duniya na biyu, sojojin da suka mamaye ƙasar suka kwashe mazan gari zuwa aikin dole, har da mahaifinsa. A ƙarshen lokacin sanyin da ya biyo baya, wanda aka yi tsananin yunwa a cikinsa, mahaifiyarsa ta rasu, gwaggonsa ta ɗauke shi tare da ƙanwarsa Jans. In an tambaye shi abin da ya yi ajalinta, sai ya ce ciwon ƙirji, ya sauya magana.

A duk zuriyar nan babu wanda ya taɓa hawa dandamali. Shi kansa Teun da guduma da zarto ya shiga gidan wasan kwaikwayo a Rotterdam, yana koyon aikin kafinta a bayan labule. Wasu jaridu sun rubuta cewa ya yi makarantar koyon wasa. Wannan kuskure ne, bai taɓa taka ƙofarta ba. Abin da ya faru shi ne, wata rana aka rasa wanda zai fito a matsayin bara a gidan attajiri, aikinsa kawai ya saci gutsuren burodi a kan tebur ya fice. Aka sa wa Teun rigar. Da ya ɗauki burodin, maimakon ya fice, sai ya tsaya ya gutsura, ya tauna a hankali, ya haɗiye, sannan ya bi ɓurɓushin da ke tafin hannunsa da ɗan yatsa. Jarumin wasan ya shigo zai kore shi kamar yadda aka tsara, sai wata mata a sahun gaba na masu kallo ta ɗaga murya ta ce, "Haba, ku bar shi ya ƙarasa mana!"

Wadda ke sayar da tikiti a gidan a lokacin, Riek van Duyn, tana tsaye a bayan zaure ta ga abin da idonta. Bayan shekara biyu suka yi aure, kuma yawancin abin da aka sani game da halin Teun daga bakinta aka ji shi.

Bai taɓa zama jarumi ba, bai kuma nema ba. A dandamali da fim da talabijin ya fito a ɗan sanda, ya fito a limamin cocin ƙauye, da fursuna, da jami'in kwastan, da kawun amarya wanda ba a gayyata ba. Sunansa kullum can ƙasa yake a jerin sunaye, inda ba mai kaiwa da karatu. Amma marubuta sun gano wani abu: in aka ajiye wa mutumin nan kwano a gabansa, masu kallo ba sa iya ɗauke ido. Saboda haka ko labarin bai buƙaci abinci ba, sai a ƙirƙiro masa. Ɗan sandansa na yi wa ɓarawo tambayoyi yana cin ɗanyen kifi da albasa. Limaminsa na yi wa mai takaba ta'aziyya yana cinye mata biskit. A titi mutane kan tsayar da shi su yi ta lalube a ƙwaƙwalwa, daga bisani su ce, "Af, ba kai ne mai shan miyar nan ba?" Sai ya cire hula ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe, amma yau na riga na sha."

A nan ya kamata a bayyana wata al'adar masu fim. Ba a ɗaukar fitowa sau ɗaya a wuce. A kan maimaita ta daga nesa, a maimaita daga kusa, a sake don fitila ta yi gardama, a sake don wani ya manta maganarsa. Abincin kuwa tun safe aka dafa shi, ya huce, ya daskare. Don haka ake ajiye bokiti a ƙarƙashin tebur. Ɗan wasa ya kai loma baki, ya yi ta juya ta, da darakta ya ce a tsaya sai ya sunkuya ya tofar. Manya da ƙanana haka suke yi, ba kuma abin kunya ba ne. Teun kaɗai ne bai taɓa sunkuyawa ba. Duk lomar da ta shiga bakinsa sai ta wuce. An taɓa kawo shi gida a kwance a bayan mota, bayan ya yini yana cin dafaffen ƙwai saboda wata jaruma ta kasa riƙe layi biyu na maganarta.

Riek ta yi shekara da shekaru tana neman dalili, shi kuma bai taɓa rasa amsar zolaya ba.

"Wai don me ba za ka tofar ba, kamar kowa?"

"Bokitin me ya yi mini?"

"Teun, da gaske nake."

"To, uwargida, wanda ke cin girkinki ai dole ya nemi na ƙari a waje."

Sai ta jefe shi da tsumman goge kwano, maganar ta mutu, sai kuma wata shekarar.

Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne, a gida ba mai ci ba ne ko kaɗan. Dankali biyu da yankan cuku sun ishe shi. Yana kuma da wata ɗabi'a: ba ya ɗaukar cokali sai ta fara ci, kuma yayin da take ci idonsa na kan wuyanta. Tana amarya ta ɗauka wuyan ne ke burge shi, har ta sayi sarƙa. Da wuyan ya tattare bai daina kallo ba, sai ta gane ba nan batun yake ba. Haka in suna kallon talabijin aka nuno masu cin abinci, sai ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Wannan ƙarya take yi, ba ta haɗiye ba." Ya tashi ya tafi ba wa tsuntsayen da yake kiwo ruwa.

Ya haura saba'in zuciyarsa ta fara gargaɗi. Ya faɗi a gindin matakala, ya yi mako biyu a asibiti. Likitar, wata mata marar kwana-kwana, ta ce gishiri da maiƙo da cika ciki sun haramta gare shi, in kuwa ya sake yini irin na ƙwan nan, ba lallai ya kai asibiti ba. Riek ta dawo da shi gida ta ɓoye gishiri, ta kuma ɗauka an yi sallama da kyamara.

Ba a yi wata shida ba wata matashiyar darakta mai suna Marloes ta zo har gida da fure a hannu. Tana shirya fim na talabijin, tana son kakan da zai zauna a kan tebur da jikokinsa yana shan miyar wake mai kauri, irin wadda cokali ke tsayawa a cikinta, da nama da kitse.

"Baba Teun, tun ina 'yar firamare nake kallon ka kana ci. Don kai na rubuta wannan kakan."

"Kin ji ko, Riek? Akwai masu ganin darajata."

"Ta gan ka kana ci, ni na gan ka a gindin matakala," in ji Riek. "Yarinya, ki nemi wani tsohon. Wannan nawa ne, kuma shi kaɗai gare ni."

Amma ta ga yadda fuskarsa ta washe, abin da ba ta gani ba tun da ya bar asibiti. Ta kwana biyu tana juya abin. Bokiti dai ta san ba zai taɓa ba. Miyar da ba gishiri ba kitse kuma, ko ita ce, yini guda ana ɗura masa ai cikin zai cika. Daga ƙarshe dabara ta zo mata, ta kira Marloes a waya ba da saninsa ba. Ta ce a ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, yadda gefen kwanon zai rufe abin da ke ciki. A ba shi kwano ba komai. Ya tsoma cokali, ya kai baki, ya motsa laɓɓa. Mutumin da ya shekara hamsin yana wannan aiki, wa zai gane? Marloes ta ce dabara ce mai kyau. Riek ta ajiye waya tana jin ta ceci mijinta da aikinsa a lokaci guda.

Ranar ɗaukar fim ɗin Riek ta raka shi, ta zauna a kan wata kujera a bayan wayoyin fitilu da jakarta a cinya. An shirya ɗakin girki irin na da, da murhun ƙarfe da fitilar rataye. Yara biyu da za su fito a jikoki suna zaune, an zuba musu miya tana tururi. Teun ya shigo cikin rigar saƙa mai faci a gwiwar hannu, ya gaisa da kowa da sunansa, ya tsokani mai kyamara a kan sanƙonsa, ya zauna. Sannan ya duba kwanonsa.

"Kai, Joop," ya ce wa mai kula da kayan fim ɗin, "ka shanye tawa ne?"

Marloes ta matso ta durƙusa kusa da shi. "Baba, yau mun sauƙaƙa maka. Kyamara ba ta ganin cikin kwano. Ka ɗaga cokalin kawai ka yi kamar kana sha. Yaran za su ci, kai kana kallon su kana murmushi. Ba wanda zai sani."

Riek ta yi tsammanin zai yi wata zolaya, ko ya yi gardama. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki cokalin ya riƙe, ya dubi yaran nan biyu, su ma suna kallon sa. Riek ta ga jini ya bar fuskarsa, har ta miƙe tana laluben maganinsa a jaka. Sai ya ajiye cokalin a hankali a gefen kwano, ya cire rigar saƙar ya ninke ta a kan kujera.

"'Yata, ki gafarce ni," ya ce wa Marloes. "Wannan ba zan iya ba."

"To a zuba maka kaɗan..."

"Kaɗan sau nawa? Likita ta hana, kuma tsohuwata tana da gaskiya. Ki nemi wani. Akwai tsofaffi da yawa masu neman aiki."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Wannan ce rana ta ƙarshe da Teunis Ouwerkerk ya tsaya gaban kyamara.

Riek ta same shi a waje, zaune a kan benci a bakin ruwa, masu kekuna na wucewa ta bayansa. Ta zauna. Ta miƙa masa kwat ɗinsa da ya manta.

"Ni na ba su shawarar," ta ce.

"Na sani. Joop ba shi da wannan basirar."

"Na so ka samu aikinka, ka kuma dawo mini gida da ƙafarka. Ban san zan raba ka da shi ba." Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. "Teun, tun ina da baƙin gashi nake tambayar ka kana mayar da ni abokiyar wasa. Yau in ka kawo mini zancen bokiti ko girkina, wallahi ruwan nan zan tura ka. Don me?"

Ya juya hular a hannunsa, ya ce:

"Lokacin yunwar nan, Riek, abin da ake samowa daga wurin rabon abinci ba ya isar mutum uku. Inna takan zuba mini, ta zuba wa Jans, sannan ta ɗauki tukunyar ta zauna da ita a cinya, ta ce ita ta fi son ci a tukunya don ya fi zafi. Ta tsoma cokali, ta hura, ta kai baki, ta tauna. Har takan ce, 'Kai, yau ya yi daɗi.' Ban taɓa ganin ɗan wasan da ya kai ta ba. Jans ta yarda, ni ma na yarda, makonni. Sai wata rana idona ya sauka a kan wuyanta, na ga maƙogwaronta ba ya motsi. Tauna kawai take, ba abin da ke wucewa. Na gani, kuma na ci gaba da cin nawa, don yunwa nake ji. Tun daga ranar, duk wanda ya ci abinci a gabana sai na dubi wuyansa. Da na shiga wannan sana'a sai na ce, zan iya yin ƙaryar zama ɗan sanda, in yi ƙaryar zama limami, wannan duk wasa ne. Amma a cikin masu kallo ba za a rasa yaro ɗaya mai duba wuya ba. Shi nake so ya ga lomar ta wuce, hankalinsa ya kwanta."