Sunan da Edna Ta Bari a Ƙofar Baya

Edna Tordoff tana 'yar shekara goma sha huɗu uwarta ta kai ta aikatau gidan Ackroyd, masu masaƙar garinsu a yankin Yorkshire na Ingila. Ta ƙofar baya suka shiga, don ta gaba ba ta irinsu ba ce. Ranar aka koya mata abu biyu: in ta ci karo da masu gida a bene, ta juya fuskarta bango har su wuce, sannan daga yau sunanta Jane. Duk yarinyar da ta taɓa kwashe tokar murhun gidan nan Jane ce, wai uwargida ba ta da lokacin haddace sunayen 'yan aiki.

Da yaƙi ya zo ta bar su, ta shiga masana'antar harsashi, ta auri Walter mai haƙar kwal, ta haifi Maureen. Yarinya ta yi karatu har jami'a, kuma duk samarin Ingila ba ta ga na so ba sai Giles, jikan Ackroyd.

Aka gayyace su shan shayi. Edna ba uwargida take tsoro ba, wuyanta take tsoro, kada ya juya da kansa ta kunyata 'yarta gaban surukai.

"Ke dai in kin ga bango ki ce masa sai an jima," in ji Walter, yana kokawa da maɓallin wuyan rigarsa.

"Rufe mini baki, kai da ko kofi ba ka iya riƙewa ba."

Ta ƙofar gaba suka shiga, Maureen na riƙe da hannunta. Sai ga uwargida tana saukowa daga bene, ta tsufa tukuf, tana dogara sanda. Ta dubi Edna, ba ta gane ta ba. Kafin Edna ta ankara, kafaɗarta ta juya. Tsohuwa na ganin ƙeyarta ta ce, "Jane?"

Kunya ta rufe Edna, sannan haushi ya biyo baya. Ta juyo a hankali.

"Edna nake. Uwar Maureen."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. "Duk zamanki a gidan nan ban taɓa ganin idonki ba. Ashe a wurinki Maureen ta samo nata." Ta miƙo hannu. "Kama ni, Edna. Benen nan ya fi ƙarfina yanzu."

Edna ta kama ta, suka sauko tare.