Na'a-na'ar Tungar Guru a Kasuwar Gummi

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da wani tsohon abokina, hantsi bai ɗaga ba muka isa Anka. Nan muka karya da waina da miyar taushe, naira ɗari biyu, miyar kuwa sai ka laluba kafin ka gamu da kabewa. Daga Nasarawa Burkullu muka bar mota muka hau kabu-kabu. Na bi hanyoyin Chadi da na Sudan, amma ba inda ƙuguna ya yi kuka kamar hanyar Tungar Guru.

Ɗiyar ƙanwata ce ta aiko a kira ni. Yaranta biyu sun rasu a shekarar gubar dalma, lokacin da ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Bayan an kankare ƙasar garin, wata ƙungiya ta kafa mata rumfar leda da raga a bayan gida. A Turkiyya sanyi ake tsare wa shuka da irin wannan rumfa. Nan kuwa ƙasar garinsu mai guba ake tsare wa shukar. Komai a cikin buhuna yake, a kan katako: lansir, ɗoɗɗoya, da na'a-na'a mai ƙamshin da ban ji irinsa ba tun barina Maroko.

"Kawu, ƙasag ga daga nesa anka kawo ta, ruwan ma na burtsatse na," in ji ta. "Ka kai min Gummi. In ba ta saidu ba, maigida ya ce ramin zinariya za shi koma, kuma gida za shi kawo dutsen."

Ƙaramin ɗanta yana goye a bayanta tana faɗin haka.

Washegari muka shiga kasuwar Gummi da kwando biyu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Mai shayi na farko ya murza ganye, ya shinshina, ya lumshe ido.

"Alhaji, wagga daga ina ta hito?"

Na ce Tungar Guru. Ya ajiye, ya goge yatsunsa a riga. Na yi masa bayanin buhuna da katako da Hausa, na yi wa wani Bafulatani da Fillanci, ba wanda ya tsaya na kai ƙarshe. Wata mai kayan miya ma cewa ta yi in janye kwandon daga kusa da tumatirinta. Azahar ta yi, lansir ya fara langaɓewa.

Abokina ya raɗa mini, "Ka ce daga Adabka take mana, can ba a yi gubar ba."

Na ƙi. Muka ƙara rumfa biyu. A ta uku aka tambaya, na ji bakina ya ce Adabka. Kafin la'asar kwandunan sun zama wayam, har da mai roƙon in sake kawowa wani mako. Na aika wa ɗiyar ƙanwata kuɗin ta hannun ɗan kabu-kabu, na ce a gaya mata an saye duka.

Mun dawo Gusau bayan magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da daɗi. Mun iya zuwa gaisuwar mutuwa garin mutane, amma ganyen da suka shuka ba za mu taɓa ba. An kwashe gubar daga tsakar gidajensu, an bar musu ita a sunan gari. Ni kuma, da furfurata, na yi ƙarya a tsakiyar kasuwa. Mako mai zuwa maƙwabcinta ne zai kai mata kwandunan, kuma har yanzu ban kira ta na faɗa mata sunan garin da zai ambata ba.