Daren Sha Shida

Muna yara, ni da yayana kan kwanta a tabarma mu yi ta gardama kan tabon da ke fuskar wata. Ni in ce hayaƙi ne, shi ya ce sak bayan saniyarmu. Komai a wurinsa saniya ne. Shi ya sa da na koma Tambuwal koyarwa, ya tsaya ƙauyenmu a ƙasar Kebbe da garken gidanmu.

Sai ɓarayin daji suka ɓata mana wata. Cikin farin wata suke zuwa, don babur ba ya buƙatar fitila. Yayana ya tsiro da dabara: wata na kwana goma, ya kai shanu wurin surukansa, ya kwaso matarsa da yara huɗu zuwa gidana, sai ashirin su koma.

Ɗakuna biyu gare ni. Ba zan yi ƙarya ba, na gaji. Kukan yara, layin banɗaki, matata tana ta cika tana batsewa. A wata na biyar, daren sha shida, bayan sallar isha, na nuna masa sama.

"Yaya, duba, ya gutsure ta gefe. Kuma yanzu a makare shika fita. Ai haɗarin ya wuce."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wanda yaf fito a makare, shi ka kwana har asuba."

Na yi dariya, na ce tsoro ya mai da shi masanin taurari. Ya fi ni sanin wata, amma ya gane abin da nake nufi, kuma yayana mutum ne mai kunya. Da safe ya ɗaure kayansu a babur.

Kwana biyu bayan nan ɓarayin suka shiga ƙauyen, gab da kiran assalatu. Matarsa ta ce gari fayau, ko allura ka yar za ka tsinta. Ya tura ta da yaran cikin gero, shi kuwa aka hango farar rigarsa.

Bayan sadakar uku na ɗauko su a mota. Har yau ina jin haushin kaina, kuma ban ga ranar dainawa ba. Da muka iso ƙofar gidana, matar yayana ta tsaya da jaririya a baya, ba ta shiga ba.

Ta ce, "Malam, wanga karon kwana nawa za mu yi?"