Wutar Tsallaken Kwata da Kajin Alhaji Laminu

Shekara takwas ke nan da muka kai Alhaji Laminu makwancinsa, amma har yau idan aka ɗauke wuta a Maamobi, kafin in lalubo takalmi sai na leƙa ta taga in ga ko akwai haske a Nima, tsallaken babbar kwatar da ta raba unguwannin biyu. Matata Hajiya Rabi takan ce, Malam, wanda kake leƙen fa ya riga mu gidan gaskiya. Na sani sarai. Wuyana ne ya saba juyawa can, kuma ban ga laifi ba don mutum ya yi kewar abokin faɗansa.

Laminu Badamagare ne. Daga Damagaram ta Nijar ya zo Accra yana saurayi, ya fara da tallan kifi a ka, ya ƙare da shagon daskararrun kaji da kifi a Nima. Ni kuwa a nan Maamobi aka yanke mini cibi, amma kakana daga Kano ya zo cikin fataken goro, don haka Laminu bai taɓa kirana da sunana na yanka ba. In yana cikin raha ya ce Bakano, in yana neman rigima ya ce bawana. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san wannan ba abin kai ƙara ba ne. Sana'ata zobo, wanda a nan ake cewa sobolo, da ƙanƙara. Ni da shi duka, arzikinmu a cikin firiza yake kwana.

Musu a kan wuta shi ne goronmu. Nakan ce masa, ƙasarku da in Najeriya ta yi atishawa fitilunku su mutu, ai ya kamata in ka gan ni ka durƙusa. Sai ya gyara hula ya ce kogin da ke juya injinan Kainji ta ƙofar gidansu yake wucewa a Yamai, ranar da suka tare shi Kanawa su koma aci-balbal. In na sauya riga na zama ɗan Ghana, na ce to mu da madatsar Akosombo muke haska Togo da Benin fa, sai ya tambaye ni ruwan Akosombo daga ina ya gangaro in ba Burkina ba, gas ɗin da ake ƙonawa kuma ba ta bututu yake zuwa daga Najeriya ba? A wurinsa ruwa da wuta ba su san fasfo ba, mutane ne ke da girman kai. Ban taɓa yarda ya ci ni ba, ko da ya ci ni.

Sai shekarun dumso suka zo, wato kashe-kunna da bakin Asante, lokacin da wuta ta zama baƙuwa mai zuwa da rabo. Ƙanƙarata ta riƙa komawa ruwa, kifinsa ya riƙa yi wa maƙwabta sallama tun daga nesa. Laminu ne ya fara lura da abin da ya cece mu, domin marowaci ya fi kowa ido. Gidana da nasa suna kallon juna, kwata ce kawai a tsakani, amma ba layin wuta ɗaya muke ba. In an ba Nima an hana Maamobi, in an ba Maamobi an hana Nima. A ƙofar masallaci bayan La'asar muka ƙulla magana: rabin firizata nasa, rabin tasa nawa. Duk wanda aka ɗauke wa wuta ya lodo kayansa a kura ya tsallako gada.

Da kanmu muke tura kurar, saboda Laminu ya ce ɗaukar ɗan dako almubazzaranci ne. Ka ga dattawa biyu sun ɗaure riguna a ƙugu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, kowa na cewa ɗayan ba ya sa ƙarfi. 'Yan unguwa suka sa wa abin suna yarjejeniyar Kano da Damagaram. Kada ku ɗauka ba shi da janareta. Yana da shi, ɗan ƙarami, a lulluɓe da zane a kusurwar shago kamar amarya. Ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Ko ranar da Ghana ke buga ƙwallo aka ɗauke wuta, samari suka yi ta roƙo, cewa ya yi su je su ji sakamako da safe, ba zai sauya ba.

Akwai kaya ɗaya da ba ya shiga kura. Hajiya Rabi tana da ciwon suga, kuma allura ce ke riƙe da ita. Ɗanmu da ke Jamus yakan aiko ta wata da watanni a lokaci guda. Allurar nan 'yar gata ce, zafi ya lalata ta, daskarewa ma ta lalata ta, don haka ba ta shiga firiza. A gidan Laminu akwai ɗan ƙaramin firij, wanda yake kira firigo irin na mutanen Nijar. Ya kwashe abin da ke kantar sama ta cikin firijin ya ce nan wurin Hajiya ne. In wutarmu ta tafi, ita da kanta take kai kwalin, ta zauna ta sha hira da iyalinsa.

Haka muke lafiya lau har ranar da zobo ya gamu da kaji. Ana gab da Sallah, na kai ƙullin zobo firizarsa, aka jera a kan kajinsa. Washegari da ya buɗe, kaji sun rine, sun koma launin jinin kare. Wata mata ta gani ta ja da baya, kuma a Nima labari ya fi wuta gudu. Kafin Azahar magana ta kai har unguwar Kotobabi cewa Alhaji Laminu mushe yake sayarwa, jini ya kwanta a jikin kajin. Sai da ya soya ɗaya a bakin shago, ya kira liman suka ci a gaban jama'a. Liman ya sauke ƙashi ya ce shi dai citta da kanumfari ya ji, kuma in da ƙari ba zai ƙi ba.

Laminu ya ce ledata ce ruɓaɓɓiya, irin arahar da Kanawa ke so. Na ce farcen kazarsa ne ya soke ta, kuma har gobe ina kan bakana, domin na ga ramin da idona. Magana ta wuce wasa. An taɓo ƙasa, an taɓo kakanni, har aka taɓo wanda ya fi sa ƙarfi a tura kura. Kowa ya kwashe kayansa. Na ce ko allura ba za ta ƙara tsallaka kwata ba, Hajiya ta dawo da kwalinta gida. Muka koma ba ma ga maciji. A masallaci in ya tsaya dama sai in koma hagu. Ƙanƙarata ta ci gaba da narkewa, kifinsa ya ci gaba da sallama, kowannenmu yana nuna wa duniya ko a jikinsa.

Ana cikin haka taransifomar layinmu ta yi ƙara ta ƙone, aka ce kafin a kawo wata sai an jira. Yanzu ba kashe-kunna ba ne, kashe ne kawai. Ga shi sabon aiken allura bai daɗe da isowa ba. Ƙanƙarar da ta rage ta ƙare, na sa kwalin a randa, na jiƙa yashi na kewaye ta, amma zafin Accra bai san wannan ba. Maƙwabta duk layinmu ɗaya. 'Yan'uwanmu na Sabon Zongo su ma da tasu matsalar. Hajiya sai dai ta taɓa kwalin ta kalle ni, kuma wallahi gara zagi da wannan kallo. Na ji tsoro na gaske, tsoron in rasa matar da muka tsufa tare. Na sha zuwa bakin gada in tsaya kamar mai duba ruwan kwata, in juyo. Girman kai rawanin tsiya, kuma na naɗa shi har da kunne biyu.

Da hantsi sai ga sallama. Laminu ne, riƙe da kular ƙanƙara. Ina zaune a tsakar gida ya wuce ni kamar turmi, ya tsaya ƙofar ɗaki.

"Hajiya, ina kwana. Ki gaya wa mijinki ba wurinsa na zo ba. Miƙo mini allurar."

Na ce ta gaya masa ba mu roƙe shi ba. Bai ko waiwaye ni ba.

"Faɗana da zobo ne, Hajiya, ba da jininki ba."

Ya karɓi kwalin ya tafi.

Da yamma lokacin Nima ya yi, aka ɗauke tasu. Na ce shi ke nan, an rabu da Bukar an haifi Habu. Sai na ji wata ƙara daga tsallake, tari-tari, sannan ta miƙe. Amarya ta yi magana. Mutane suka fito daga lunguna suna tambaya ko lafiya, wasu suka ɗauka rasuwa aka yi. Injin ba ya iya ɗaukar firiza da firij tare, sai ɗaya. Laminu ya ja waya zuwa firigo ya bar firizar shago a kashe. Kifin da ya ga ba zai kai ba ya rabar sadaka tun bai juya ba, yana rabawa yana tsaki. Tsofaffin Nima har yau suna lissafin shekaru da wannan, sukan ce kafin Laminu ya yi kyautar kifi ko bayan ya yi. Kullum da safe kuma ya tsallako da abin da Hajiya ke bukata, ya gaishe ta, ya gaida akuyar gidan, ya wuce ni.

Ranar da aka kafa mana sabuwar taransifoma, na jira aka ɗauke ta Nima, na tura kura har ƙofar shagonsa na hau loda kaji. Ya tsaya yana kallona, can ya ce a nesanta su da zobo. Iyakar sulhun ke nan. Daga ranar zobo ya koma jarka, ƙafafun kaji kuma aka riƙa naɗe su. Babu wanda ya amsa laifi, amma kowa ya gyara nasa.

Yau da zai leƙo, da ya sha mamaki. Wuta ta fi zama a Accra, ko da yake takan yi halinta. Rufin gidaje ya cika da faifan sola, mita kuma ta koyi kuka in katinta ya ƙare, abin da na tabbata zai sa ya lulluɓe ta da zane. Da ya ji ana ta haɗa layukan ƙasashen yankin nan, mai rara ya tura wa mai ƙaranci, da ya ce kurarmu ce aka ɗaga sama aka rataye a turaku, kuma shi ya fara, Bakano turawa kawai ya yi. Da na musa, amma a raina na san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko jinkar ta ƙasa guda ce.

Abu ɗaya na gode wa Allah da bai gani ba. Bayan rasuwarsa, da shugabannin Najeriya da na Nijar suka saɓa, aka katse wutar da ke tsallaka iyaka. Da a zamanin musunmu ne, da na ce ga ranar da nake gaya masa. Amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Matan Damagaram na tuna, waɗanda su ma suke da kwali a kantar sama, suna taɓa shi suna kallon mazansu. Ni ba ɗan siyasa ba ne, kuma harshe da haƙori ma sukan saɓa. Laminu ma ya iya fushi, ya san janye kaya, ya san hana gaisuwa, ya san sauya sahu a masallaci. Amma ya san wayar da ba a cirewa.

Me ya rage na mutumin? Shagon yana hannun babban ɗansa Habibu, ya sa sola, ya ɗauki 'yan dako, abin da zai sa uban ya yi tsaki a kabari. Kurar ta ruɓe. Janaretan an sayar. Amma ranar rabon gado, malamin da ke rabo ya zo kan ɗan firijin nan, sai Habibu ya ce akwai wasiyya, mahaifinsu ya faɗa a gaban shaidu yana kwance. Firijin na magada ne, ban da kantar sama, wannan ta Hajiya Rabi ce muddin tana numfashi. Malamin rabon ya sosa ƙeya ya ce shi tun da yake bai taɓa raba firij ba kanta ba. Habibu ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, ya ce da saura.

"Baba ya ce, amma ban da zobon mijinta."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni ma na fara, sai kawai na rufe fuska da hannun riga na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Hajiya tana nan da ranta, tana ta faɗa da jikoki. Mu ma mun sa sola, firijinmu ba ya mutuwa. Duk da haka, in aike ya zo daga Jamus sai ta raba biyu, ta ɗauki rabi ta tsallaka gada a hankali, ta kai kantarta. Na taɓa cewa ai yanzu ba bukata. Ta ce wurin da aka bar wa mutum ba a barinsa fanko. Allah ya jiƙan Alhaji Laminu, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa. Maganar leda kuwa, in mun haɗu ma ƙarasa.