Mutumin da Kifaye Ke Jira a Ƙarƙashin Kasuwa

Da hantsi, kasuwa ta cika ta batse, Baba Mai Manjagara yake ɗaga murfin ƙarfen da ke bayan layin 'yan tireda, ya kunna tocila, ya sauka matakala goma sha tara. A can ƙasa akwai rafi. Wallahi akwai shi, ko da yake rabin masu tattaka kansa ba su sani ba. Da gari ya bunƙasa aka binne shi da kankare, aka gindaya masa ƙofar ƙarfe mai raga don tare shara. Kwashe sharar nan shi ne aikin Baba, shekara talatin da ɗaya.

Wurin sanyi gare shi kamar kabari, ga ƙugin motoci na saukowa ta rufi. In ya gama janye leda da robobi, sai ya bugi ƙofar da ƙotar manjagara sau uku. Can sai ka ga kifaye sun taso daga duhu, farare fat, sun jeru a bakin raga, kawuna sama, ba mai motsi. Wani mai gyaran famfo da ya taɓa raka shi ya rantse tun ranar bai ƙara sa kifi a baki ba.

Akwai abu biyu da ba wanda ya sa Baba. Duk farkon damina yakan kamo kifi ɗaya, ya kara shi jikin bango, ya zana siffarsa da tsinin ƙusa, ya mayar da shi ruwa. Sannan ya ɗaga ƙofar tsawon sa'a guda, na ƙasa su haura bayan gari inda rana ke taɓa ruwa, su cuɗanya da danginsu.

"Malam, 'ya'yanka na ruwa sun fi na gida ganin haƙoranka," in ji matarsa.

"Su ai ba sa mayar mini da magana."

Bara wata malamar jami'a mai nazarin kifi ta sauka. Ta bi bangon da fitila. Zanen farko kifi ne ɓulɓul mai dara-daran idanu. Tana tafiya suna ramewa suna tsawo, ido na tsukewa, har na ƙarshe ya koma kamar kan allura.

"Baba, waɗannan fa jikokin wancan na farko ne," ta ce a hankali. "Duhu da matsi ke tace su, wanda ya jure shi ke haihuwa. Ba don ƙofar da kake ɗagawa ba, da tuni sun yanke da danginsu sun ƙare."

Kai ne ka riƙe zumuncin da gari ya yanke, Baba, kana tsamo-tsamo cikin ruwan da kowa ke toshe wa hanci.

To, watan nan ritayar Baba ta zo. Injiniyan magudanan ruwa ya iso da mai walda, wai a liƙe ƙofar kowa ya huta. Hankalin Baba ya tashi, amma bai yi gardama ba. Ya miƙa wa injiniya manjagara.

"Ranka ya daɗe, buga sau uku tukuna."

Injiniya ya yi dariya, ya ƙwala wa ƙofar. Shiru. Ruwa baƙi ƙirin. Baba ya karɓa ya buga nasa: biyu a jere, ɗaya bayan an ja numfashi. Suka taso. Suka yi ta tasowa har ruwan ya yi fari daga bango zuwa bango, duk suna fuskantar mutanen da 'yan idanunsu da ba sa gani sosai.

Dariya ta ɗauke. Injiniya ya sake karɓar manjagarar, ya kwaikwayi bugun Baba bayan sun nutse. Ɗaya tak ya taso.

"Ɗaya ma ai sallama ce," in ji Baba. "Ni sai da na shekara uku kafin ɗaya ya amsa mini."

Mai walda ya naɗe wayarsa ya hau sama.

Mun gode, Baba. Allah ya saka, ya ba gwiwoyin nan hutu. Mu kuma da ke taka kasuwa, an bar ƙofa ba walda, amma ba ta ɗaga kanta. Hadari ya fara haɗuwa, manjagara na jingine a matakala ta goma sha tara, su kuwa suna can ƙasan ƙafafunmu sun ɗaga kai. Don Allah wani ya sauka ya koyi bugun tun mai shi na da ƙarfin nunawa.