Ranar da Kafaɗar 'Yata Ta Goce a Aji

A Agege ta Legas aka haife ni, bayan layin dogo, kuma tun ina ƙarama jikina ba ya tsayawa inda na sauran mutane ke tsayawa. Babban yatsana yana lanƙwasowa har ya taɓa damtsena. Idan na tsaya, gwiwoyina sai su kantare baya kamar na zakara. Mahaifiyata takan ce ƙashin gidanmu ne bai gama nuna ba aka sauke shi, don ita ma haka take.

Da na girma abin ya daina ba ni dariya. In yi wanki, wuyan hannu ya kwana biyu yana zogi. In taka ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ƙafa ta gurɗe ba dalili. Kafaɗata ta dama kuwa, in na miƙa hannu zan sauko da tukunya daga kan kanta, sai ta goce. Na koyi mayar da ita da kaina: in jingina da ƙyauren ɗaki, in yi bisimilla, in murɗa, ka ji ƙas. Maigidana, mai sayar da goro ne, in ya ga zan fara sai ya fita tsakar gida ya toshe kunne.

Shekara guda bayan soja sun koma bariki, 'yata ta fari tana aji uku. Wata Talata da hantsi ina tankaɗe, sai ga mai gadin makarantarsu a kan okada, ya ce shugabar makaranta na nemana yanzu-yanzu. Ko takalmi ban tsaya zaɓa ba, na zura wari da wari.

Na tarar da yarinyar zaune a ofis tana cin burodi hankali kwance. Malamar ajinsu ce kwance a benci, ana yi mata fifita. Ashe wajen jera layi ta ja hannun yarinyar, ja na kullum, ba na mugunta ba, kafaɗa ta goce, hannu ya yi reto. Malama ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Ita kuwa 'yar tawa sai ta ce, "Anti, ki dakata," ta je ta jingina da ƙofar aji, ta yi bisimilla, ta murɗa. Ƙarar ce ta kayar da malamar.

Shugabar, wata Bayarabiya mai gilashi, ta zaunar da ni muka yi magana da Yarbanci. Ta zagaya ta zagaya, sannan ta fito fili. Ko dai ana dukan yarinyar nan a gida har gaɓoɓinta suka saki, ko kuma tana cikin yaran nan da ake cewa suna da abokai a wata duniya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, duba nan." Na naɗe mayafi na miƙe hannu, gwiwar hannun ta kantare baya. Ta cire gilashi. Na kwantar da yatsa a damtse. Ta kira sunan Yesu. Ya kamata in tsaya a nan, amma malamai sun cika taga, ni kuma na ga ina cin nasara. Na haɗa tafukan hannuna ta baya tsakanin kafaɗu, sai kafaɗar dama ta ce ga garinku. Dole na miƙe a gaban kowa na nemi aron ƙofar ofis. Malamar da ta fara farfaɗowa ta sake kwanciya.

Shugabar ba ta ƙara zancen duka ba. Ta rubuta mana takarda, ta ce kada yarinya ta dawo sai likita ya gan mu, mu duka.

Mu huɗu muka shiga danfo, motar haya: ni, maigida, yarinyar da ƙanenta mai shekara biyar. Likitan ƙashi, wani dattijo mai raha, ya sa muka yi ta lanƙwasa yatsu, muka dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da mun durƙusa ba. Ni da yaran duk muka ci jarrabawa. Sai ya juya ga maigida.

"Oga, kai ma gwada, mu san ta inda abin ya biyo."

Maigida ya gyara babbar riga, ya sunkuya. Hannunsa ko gwiwa bai kai ba, hula ta faɗi, baya ya riƙe. Da ƙyar muka miƙar da shi. Ya ce, "Likita, ka shaida dai, ni ba ruwana."

Likitan ya yi mana bayani cewa jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓinmu ne suka yi laushi, gado ne, ba aljanu ba ne, kuma ba shi da allura. Sai dai lallaɓawa: takalmi mai riƙe ƙafa, motsa jiki kaɗan-kaɗan don tsoka ta yi ƙarfi, kada a ɗaga yaro ta hannu, in gaɓa ta goce a zo asibiti a bar ƙofa ta huta. Ya dube ni ta saman takarda ya ce, "Sannan a daina nuna wa mutane." Maigida ne kaɗai ya fito da magani a ranar, man zafi na shafa baya.

Na kafa doka a gida. Ba lanƙwasa, ba wasan roba. Doka ta yi mako biyu, sai na lura yarinyar tana dawowa da abincinta ba ta taɓa ba, ga ta kuma a ƙoshe. Da na matsa, ƙanen ya tona: a lokacin tara tana yi wa yara wasan roba su biya ta, yatsa ɗaya cincin ne, ƙafa a bayan wuya kuwa sai da rabin burodi da wake. Shi ne mai tara kayan.

Na ɗauko muciya, na rasa inda zan taɓa a jikinsu da ba zai goce ba. Na ajiye. Na zaunar da ita na nuna mata wuyan hannuna da ya kumbura saboda wankin jiya. Na ce, "Ni ma na ci alewar mutane da yatsun nan. Ga abin da ya rage min."

Sai ga hawaye. Ta ce, "Umma, ni ma in na yi rubutu suna min ciwo. Shi ya sa ba na gama kwafar allo, Anti ta ce lalaci ne." Wannan ban taɓa sani ba, kuma ya fi komai tsaya min a rai. Ina ta gadin kafaɗa, ashe fensir ne ke ba ta wuya kullum.

Da la'asar na nemo ƙyallen atamfa, na naɗe fensirinta ya yi kauri kamar rogo, na ɗinke. Riƙon ya yi mata sauƙi. Na je na yi wa malamar bayani, ta yarda ta riƙa barinta ta huta a tsakiyar rubutu, amma da sharaɗin zan tsaya daga bakin ƙofa hannuwana cikin mayafi.

Kafin ƙarshen zangon, rabin 'yan ajin sun naɗe fensiransu da tsumma, waɗansu har da leshi. Malamar ma ta aiko min da jan bironta, wai in zaɓa mata ƙyalle mai ruwan ganye.